Injin ces da na'urar da ke ɗauke da shi: me ya sa ƙarfin wasa ke sauyawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta?

A watan Disamba na 2017, kamfanin DeepMind da ke Landan ya fitar da sakamakon wata karawa da ta tayar da ƙura a duniyar darar ces. Manhajarsa AlphaZero ta buga wasa 100 da Stockfish, ɗaya daga cikin injinan da suka fi ƙarfi a lokacin. Ta ci 28, aka tashi canjaras a 72, ba ta sha kaye ko sau ɗaya ba. Alƙaluman da suka zo tare da sakamakon sun fi shi ɗaure kai: Stockfish yana duba yanayin allo miliyan 70 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa dubu 80 kacal take dubawa. Mutane da yawa suka ɗauka an gama magana, zamanin injin da ke taƙama da sauri ya wuce.

Sai ga shi daga tsakiyar 2020 Stockfish ɗin nan ya shiga jera kofunan babbar gasar injina ta TCEC, kaka bayan kaka, yana doke Leela Chess Zero wadda aka gina a kan tsarin AlphaZero. Mai amfani da injinan a gida ma yana cin karo da nasa ruɗanin. Manhaja ɗaya, allo ɗaya, amma wayarsa ta ce a tura doki, kwamfutar abokinsa ta ce sarauniya za a matsar. Wanda ya sauke Leela a tsohuwar laftof kuma sai ya ga tana jan ƙafa, har ya fara shakkar labarin da ya ji a kanta.

Bakin zaren guda ne. Injin ces ba shi da wani tsayayyen ƙarfi da yake yawo da shi duk inda aka kai shi. Abin da zai iya ya rataya ne a kan na'urar da aka ɗora shi, da lokacin da aka ba shi, da kuma yadda ƙirarsa ta dace da wannan na'urar.

Abubuwan da ya kamata a fara sani

Injin ces manhaja ce da ake nuna wa allo ta faɗi motsin da ya fi dacewa. Aiki biyu take yi. Na farko bincike: in na tura wannan, abokin karawa zai tura wancan, ni kuma in mayar masa da wannan, haka har iya zurfin da lokaci ya bari. Na biyu kimantawa: inda binciken ya tsaya, sai a ba yanayin allon maki, a ce fari ne a gaba ko baƙi, kuma da nawa.

Binciken ne ke cin ƙarfin na'ura. A tsakiyar wasa, ɗan wasa yana da zaɓin motsi kusan 35. Motsi biyu daga kowane ɓangare ya kai hanyoyi miliyan ɗaya da rabi, uku daga kowane ɓangare ya doshi biliyan biyu. Shi ya sa duk injin kirki yana da dabarar sare rassan da ba su da amfani tun kafin ya ɓata lokaci a kansu.

Shekara da shekaru, mutane ne ke rubuta ƙa'idojin kimantawa da hannu: doki maki 3, sarauniya 9, a ƙara kaza idan sarki yana cikin kariya, a rage kaza idan 'ya'ya sun cunkushe wuri ɗaya. Ragar jijiyoyi ita ta karɓi wannan aiki. Tarin lambobi ne, miliyoyinsu, da aka jera hawa-hawa. A shigar da bayanin allo daga ƙasa, a yi ta ninkawa ana tarawa har hukunci ya fito daga sama. Ba wanda ya zauna ya rubuta lambobin, horo ne ya daidaita su daga ɗimbin wasanni.

Na'urar da ke wannan lissafi iri biyu ce a kasuwa. Furosesa, wadda ke cikin kowace waya da kwamfuta, tana da kawuna 'yan kaɗan, kowanne mai sauri, gwani wajen bin umarnin da ke sauya hanya a kowane mataki. Katin girafik, wanda aka fara ƙerawa don wasannin bidiyo, yana da dubban ƙananan kawuna da ke yin lissafi iri ɗaya a kan lambobi masu yawa lokaci guda. TPU da ake ji a labarin AlphaZero na'ura ce da Google, uwar kamfanin DeepMind, ya ƙera wa kansa musamman don ragar jijiyoyi.

Ma'aunin ƙarfi kuma shi ne Elo. Wanda ya fi abokin karawarsa da maki 100 ana sa ran ya kwashi kashi 64 cikin 100 na makin wasanninsu, mai ratar 200 kashi 76, mai ratar 400 kusan kashi 91. Ƙololuwar da ɗan Adam ya taɓa kaiwa ita ce 2882, ta Magnus Carlsen a 2014. Manyan injina suna haura 3500 a jerin masu gwada su, ko da yake ma'aunin nasu daban ne da na FIDE, hukumar ces ta duniya, don a tsakanin junansu ake lissafa shi.

Lokacin da sauri ne komai

Tun farkon shekarun 1980 Ken Thompson na Bell Labs a Amurka ya gwada tasirin zurfin bincike. Ya haɗa na'urarsa Belle da kanta, ɓangare ɗaya yana hango motsi guda fiye da ɗayan, ya ga kowane ƙarin zurfi yana kawo maki Elo kusan 200. Daga nan hanya ta fito fili: a ƙara sauri. Deep Blue ta kamfanin IBM ce ta kai wannan tunani maƙura. Da kwakwalwan lantarki 480 da aka ƙera don ces kaɗai, tana duba yanayi har miliyan 200 a daƙiƙa, ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da 3½ da 2½ a New York a watan Mayun 1997.

Abin da ya biyo baya ya nuna sauri rabin labari ne. A 2006, a Bonn ta Jamus, Deep Fritz ya doke zakaran duniya Vladimir Kramnik da 4 da 2 a kan kwamfuta irin wadda ake saye a kasuwa, da saurin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na Deep Blue ba. A 2009 kuma Pocket Fritz 4, a cikin wayar hannu ƙirar HTC, ya lashe gasar Copa Mercosur a Buenos Aires ta Ajantina da maki 9½ cikin 10, a gaban ƙwararrun 'yan wasa, yana duba ƙasa da yanayi dubu 20 a daƙiƙa. Masu rubuta manhaja sun ƙware wajen sare rassa, har kowane yanayi da aka duba ya zama yana da daraja fiye da da. Saboda haka yawan yanayi a daƙiƙa, lambar da ake yawan kafa hujja da ita, ba ta da ma'ana sai idan inji ɗaya ake kwatantawa a kan na'urori biyu.

Raga babba da raga ƙarama

A yau manyan injinan duka da ragar jijiyoyi suke aiki, amma gida biyu ne, kuma abincinsu ba ɗaya ba.

Gidan farko shi ne na AlphaZero da Leela, wadda Gary Linscott ya ƙaddamar a farkon 2018 don jama'a su maimaita aikin DeepMind a fili. Ragarsu babba ce. Kowane yanayi da aka ba ta, sai ta yi lissafinsa daga tushe, ta fitar da abu biyu: motsin da suka cancanci a duba, da kuma yiwuwar ci ko canjaras ko faɗuwa. Da yake hukuncin nata yana da kyau, ba ta buƙatar duba yanayi da yawa. Amma lissafin yana da nauyin da furosesa ba ta iya ɗauka da sauri, sai katin girafik.

A nan wata matsala ke ɓullowa. Katin girafik kamar motar haya ne a tasha: tafiya da fasinja ɗaya da tafiya da cikakkiyar mota kusan lokaci ɗaya suke ci, don haka riba tana cikin cikawa. Dole injin ya tara yanayi da dama, wani lokaci ɗaruruwa, ya aika wa katin a dunƙule. Shi kuwa bincike ya fi son ya ji amsar yanayin farko kafin ya zaɓi na biyu. Don a cika ƙunshin, ana tilasta masa ya aika da wasu yanayin da da ya jira amsa ba zai kula su ba. Wannan ne ya sa kati biyu ba sa ba Leela ninki biyu na amfani, kuma kati mai tsada a jikin furosesa mai rauni yakan zauna jiran aiki.

Ƙirar katin ma tana da tasiri fiye da farashinsa. Lokacin da kamfanin Nvidia mai ƙera katin girafik ya fitar da jerin RTX 20 a watan Satumban 2018, katunan sun zo da wasu sassa na musamman masu ninka lambobi gajeru, masu rabin tsawon na da. Ragar Leela ba ta buƙatar lissafi mai tsananin daidaito, don haka ta ci moriyar abin nan take. Saurinta ya ninka, har ƙaramin kati a sabon jerin ya riƙa wuce babban kati na tsohon jerin a wannan aiki. Ba a canza ragar ba, amma wasanta ya ƙaru.

Gida na biyu daga Japan ya fito. A 2018 Yu Nasu ya ƙirƙiro wata raga don shogi, darar Japanawa, wadda aka sani da NNUE, kuma tun daga tushe don furosesa aka yi ta. Hisayori Noda ya dasa ta a Stockfish, aka fitar da ita a hukumance cikin Stockfish 12 a watan Satumban 2020. Dabarar tana cikin lura da cewa motsi guda ba ya canza allo duka. Doki ya tashi daga wannan gida ya sauka a wancan, wataƙila ya cinye ɗa ɗaya. Sauran 'ya'yan suna inda suke. Hawa na farko na ragar, wanda shi ne mafi girma, ba a sake lissafa shi: a ɗebe lambobin gidan da dokin ya bari, a ƙara na gidan da ya sauka, shi ke nan. Hawan da ke sama ƙanana ne ƙwarai, ba sa cin lokaci.

Sannan lambobin duka an matse su sun zama gajeru, masu bit 8 ko 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta). Furosesa ta zamani mai umarnin AVX2 tana ɗaukar bit 256 a tashi ɗaya, wato lambobi 16 masu bit 16, ko 32 masu bit 8, ta yi musu aiki tare. Da shigowar NNUE saurin Stockfish ya ragu da kusan rabi, amma ƙarfinsa ya yi tsallen da aikin shekaru bai ba shi ba, kuma har yanzu miliyoyin yanayi yake dubawa a daƙiƙa. Zuwa fitowar Stockfish 16.1 a watan Fabrairun 2024, an cire tsofaffin ƙa'idojin hannu gaba ɗaya. Wannan fitowar ta zo da raga biyu, babba don yanayin da ake kankankan, ƙarama mai sauri don inda wani ya riga ya yi nisa.

Wanda ya taɓa shiga shafin sauke Stockfish ya ga fayiloli da yawa masu laƙabi irin avx2, bmi2 da avx512. Inji ɗaya ne, an dai ɗinka kowanne daidai da umarnin da furosesa ta sani. Zaɓen wanda bai dace ba yana rage sauri ba tare da mai shi ya sani ba. Sanannen misali: furosesoshin Ryzen na AMD da suka gabaci jerin 5000 suna karɓar fayil ɗin bmi2, amma wani umarni da ke cikinsa yana tafiyar hawainiya a kansu, har avx2 ya fi musu.

Gardamar adalci

Da yake injinan biyu ba na'ura ɗaya suke ci ba, duk karawar da aka haɗa su sai an yi jayayya a kan sharuɗɗa. A ta 2017, an ba fitowa ta 8 ta Stockfish zaren bincike 64, wato ayyukan bincike 64 da ke gudana lokaci guda, amma rumbun tunawa, inda yake ajiye abin da ya riga ya gano, gigabayit 1 kacal, aka kuma ƙayyade minti ɗaya ga kowane motsi. Tord Romstad, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa Stockfish, ya yi ƙorafin cewa rumbun ya yi kaɗan ga wannan yawan zare, ƙayyade lokacin ya hana injin amfani da dabararsa ta ware dogon tunani ga motsi mai wuya, kuma fitowar da aka yi amfani da ita ta shekara guda. AlphaZero kuwa tana kan TPU huɗu, na'urar da ba wanda zai iya saye a kanti ya gwada da kansa.

DeepMind ya mayar da martani a mujallar Science a Disamban 2018. Wasa 1,000, awa uku ga kowane ɓangare da ƙarin daƙiƙa 15 a kowane motsi, Stockfish a kan kawuna 44 da rumbun gigabayit 32. AlphaZero ta ci 155, ta faɗi 6, sauran canjaras. An kuma gwada rage mata lokaci: da kashi ɗaya cikin goma na lokacin Stockfish ta ci gaba da rinjaye, sai da ratar ta kai ɗaya cikin talatin sannan ya juya mata. Wannan ya rage kaifin sukar. Bai kashe ta ba, don tambayar ko TPU huɗu daidai suke da kawuna 44 tana nan.

Gasar TCEC ta gaji wannan ciwon kai. Da Leela ta fara shiga a watan Afrilun 2018, a kan furosesa aka ɗora ta, kuma ragarta tana jaririya. A wasa 28 ta ci ɗaya tak, shi ma don abokin karawar ya tsaya cak ne. Daga kaka ta gaba aka samar mata katin girafik. A Fabrairun 2019 Stockfish ya sha da ƙyar a wasan ƙarshe, 50½ da 49½. A watan Mayu Leela ta karɓe kofin da 53½ da 46½, ta sake ɗauka a Afrilun 2020. Cikin wannan hawan akwai rabon horo, akwai rabon kati, kuma raba su ba abu ne mai sauƙi ba.

Masu bin gasar sun ƙirƙiro wani ma'auni daga alƙaluman DeepMind. Miliyan 70 a raba da dubu 80 ya ba da 875. Sai a ninka saurin Leela sau 875 a raba da na Stockfish. In amsar ta fito 1, an maimaita sharaɗin karawar 2017, in ta haura, Leela ta samu gata. Amfaninsa ya ƙare da zarar girman raga ya canza, don sabuwar raga mai nauyi tana duba yanayi kaɗan amma kowanne ya fi daraja.

Wasu suka ce a daidaita kuɗi: dala nawa aka kashe wa wannan, a kashe wa wancan. Masu suka suka ce farashin katin girafik yana hawa da sauka saboda masu haƙar kirifto da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, abin da bai shafi ces ba. Wasu suka ce a daidaita wutar da kowace na'ura ke sha, wanda ya fi kusa da kimiyya, amma bai dami mai saye ba kamar kuɗi. Akwai kuma masu cewa a ba kowa mafi kyawun abin da ake da shi a zuba ido. Kowane ma'auni cikin waɗannan yana iya sauya tazarar da za a gani a sakamako. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne, tun zuwan NNUE, Stockfish yana gaba a yawancin sharuɗɗan da manyan gasa ke amfani da su, kuma a na'urar da ba ta da katin girafik ba a ma haɗa su.

Ninka na'ura, me ake samu?

Injinan zamani suna sare rassa sosai, har ninka sauri sau biyu yana ƙara musu zurfin kusan motsin ɓangare ɗaya. A da masu gwaji suna ƙiyasta wannan da maki Elo 50 zuwa 70. Yanzu ribar ta ragu, kuma tana ƙara raguwa yayin da na'ura ke girma. Dalili biyu ne. Yawancin motsin da injin zai zaɓa bayan minti goma shi ne wanda ya zaɓa bayan daƙiƙa goma. Na biyu, ces wasa ne da ke karkata ga canjaras idan kowa ya yi daidai. Injina biyu masu ƙarfi, a bar su daga farkon allo, kunnen doki za su yi ta yi ko da ɗaya ya ninka ɗayan na'ura. Shi ya sa masu shirya gasa suke tilasta musu buɗe wasa da yanayin da aka karkatar da gangan, kowa ya buga shi sau ɗaya da fari sau ɗaya da baƙi. Ratar Elo da ake wallafawa ta dogara har da irin buɗewar da aka zaɓa.

Ƙarin kawuna ma ba daidai yake da ƙarin lokaci ba. Tun fitowa ta 7 a 2016, Stockfish yana sakin zarurrukansa su binciki allo ɗaya kowa ta hanyarsa, suna ajiye abin da suka gano a rumbun tunawa na tarayya da ke cikin ram. Ana maimaita aiki da yawa a haka. Kawuna 64 sun fi 8 nesa ba kusa ba, amma ba ninki takwas ba. Idan rumbun ya yi kaɗan kuma, sabon bayani yana goge tsoho kafin a amfana da shi, wanda shi ne ainihin ƙorafin Romstad.

Ga Leela akwai ƙarin zaɓi: wace raga za a ɗora? Sababbin ragoginta suna da lambobi sama da miliyan ɗari. A kati mai ƙarfi da dogon lokaci, babbar raga ce ke gaba. A ƙaramin kati ko wasan gaggawa, raga matsakaiciya takan doke ta, don babbar ba ta samun damar duba abin kirki kafin agogo ya cinye ta. Raunin da aka daɗe da sanin wannan gida da shi ke nan: tarko mai zurfi wanda motsinsa na farko ya yi kama da shirme. In ragar ta raina motsin, sai an duba yanayi masu ɗimbin yawa kafin bincike ya waiwaye shi.

Faifan ajiya yana shigowa a ƙarshen wasa. Akwai kundin da aka riga aka warware duk yanayin da 'ya'ya suka rage kaɗan. Na Syzygy mai 'ya'ya biyar bai kai gigabayit 1 ba, mai shida kusan gigabayit 150, mai bakwai ya haura terabayit 15. Amfaninsa ga inji mai NNUE kaɗan ne a ma'aunin Elo, kuma a kan tsohon faifai mai juyawa yana iya jawo jinkirin da ya fi amfanin yawa.

Na'urar horo daban, ta wasa daban

An yi ta yaɗa cewa AlphaZero ta koyi ces cikin awa huɗu. Gaskiya ne a agogo, amma TPU 5,000 ne suka yi ta buga mata wasa da kanta, wasu 64 suna horar da ragar, har aka tara wasa miliyan 44 cikin awa tara. Leela, da ta dogara da katunan 'yan sa-kai a gidajensu, sai da ta shafe watanni kafin ta kai wannan matsayi. Stockfish ma yana da nasa rundunar, Fishtest, inda tun 2013 mutane ke ba da aron furosesoshinsu ana gwada kowane gyara da dubban wasanni kafin a karɓe shi.

Wannan nauyi sau ɗaya ake ɗaukarsa, sakamakon kuma ya dunƙule a fayil ɗin da kowa zai sauke. Tun Stockfish 14 a 2021, ana horar da ragarsa da bayanan wasannin Leela. Ma'ana, gumin da katin girafik ya yi wa Leela yana cikin injin da ke aiki a wayar da ba ta da katin. Leela ta zama mai ciyar da abokin hamayyarta.

A 2024 masu bincike a DeepMind suka gwada ɗaya ƙarshen: raga mai lambobi miliyan 270 da ba ta bincike ko kaɗan, kallo ɗaya take yi wa allo ta zaɓi motsi. Ta kai maki 2895 a wasan gaggawa da mutane a dandalin Lichess. Sai dai malamin da ya koya mata shi ne Stockfish 16, wanda ya yi mata binciken tun a lokacin horo, kuma ba ta kamo shi ba.

Abin da ya shafi ɗan wasa

Ga mai koyo da ɗan kulob, kusan duk wannan gardama ba ta taɓa aljihunsa. Stockfish a wayar Android matsakaiciya ya fi duk wani ɗan Adam ƙarfi. Kuskuren da ke kayar da mutum a wasa, barin doki a banza ko rashin ganin tarkon motsi uku, cikin ƙiftawar ido waya ke nuna shi. Saɓanin da ake gani tsakanin waya da kwamfuta yawanci a inda motsi biyu suke kusan daidai ne, wannan ya ce 0.3 wancan ya ce 0.4. Lambar zurfi da ke gefen allo ita ce abin dubawa. Hukuncin zurfi 18 da na zurfi 35 ba ɗaya ba ne, kuma barin waya ta yi minti ɗaya tana tunani yana rufe mafi yawan ratar.

Abu biyu ne ke rage ƙarfin waya a ɓoye. Nazarin da ake yi a cikin burauza yakan yi amfani da raga mai sauƙin saukewa da kawuna kaɗan, sai mutum ya shiga saiti ya ƙara. Na biyu zafi. Inji yana sa furosesa aiki ba hutu, ita kuma da ta yi zafi sai ta rage gudu don kare kanta. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ma'auni ke haura digiri 40, saurin da aka gani a daƙiƙun farko ba shi za a gani bayan minti biyar ba, balle in wayar tana caji.

Sayen katin girafik don Leela kaɗai shawara ce mai tsada. RTX 4090 ya fito a 2022 a kan dala 1,599, kuma shi kaɗai yana shan wat 450, nauyin da ƙaramar sola ko inbata ta gida za ta ji a jikinta. Wanda ke son ra'ayi na biyu a kan wata buɗewa yana iya hayar na'ura ta intanet na awa ɗaya ko biyu. Kundin ƙarshen wasa mai 'ya'ya bakwai ma Lichess yana ba da shi kyauta, ba sai an sauke ba.

Inda na'ura ke raba mutane da gaske shi ne can sama. Masu shirin gasar duniya suna neman sabon motsi guda a buɗewar da kowa ya haddace, kuma a nan zurfi na ƙarshe yana da daraja. Tawagar Ian Nepomniachtchi ta yi amfani da babbar kwamfutar Zhores ta cibiyar Skoltech da ke Mosko a shirinsa na karawa da Carlsen a gasar duniya ta 2021. Duk da haka Carlsen ya doke shi a Dubai, don kurakuran da suka kayar da shi a kan allo aka yi su, bayan an fita daga abin da aka shirya a gida. A ces ta wasiƙa kuwa, inda hukumar ICCF ta halatta amfani da inji, manyan wasanni sun koma kusan duka canjaras, don kowa ya kai matakin da ƙarin na'ura ba ya sayen nasara.

Sauƙin da NNUE ya kawo yana da nasa sharrin. Tun kafin zuwansa ma waya ta isa a yi maguɗi da ita: an kama Gaioz Nigalidze a gasar Dubai a 2015, an kuma ɗauki hoton Igors Rausis riƙe da waya a banɗaki a Strasbourg ta Faransa a 2019, dukansu aka ƙwace musu muƙamin girandimasta. Dokar FIDE ta hana shiga wurin wasa da waya, manyan gasa suna caje 'yan wasa da na'urar gano ƙarfe, wasu kuma suna jinkirta watsa wasanni da mintuna. Mai shirya ƙaramar gasa a makaranta ko kulob ba shi da waɗannan kayan, abin da ke hannunsa shi ne karɓar wayoyi a bakin ƙofa da sa ido a kan hanyar banɗaki, har da wayar da ake ganin ta tsufa.